Takwaran Zelipa

Bakin Limbani Chulu ne ya ja masa tun yana saurayi. Lokacin da yake neman auren Zelipa ba shi da komai sai tsohon keke da sabon aikin jagoran baƙi a gandun dajin Luangwa. Da ya rasa abin da zai burge ta da shi a gaban ƙawayenta, sai ya bugi ƙirji ya ce wata rana sai ya sa wa damisa sunanta, yadda duk baƙon da ya zo da kyamara zai koma ƙasarsu yana ambaton Zelipa. Ƙawaye suka yi shewa, ita kuma ta sunkuyar da kai tana murmushi. Shi ya ɗauka magana ta bi iska. Bai san ya auri mace mai ajiye magana ba.

Yanzu ga ɗansu Dalitso har ya fara gemu, alkawari kuwa yana nan inda aka bar shi. Zelipa ba ta faɗa a kai, da ma faɗan take yi da abin ya zo da sauƙi. Sai ta ajiye masa tuwon nshima da miyar kifi, ta jira ya kai loma baki, sannan ta tambaya a hankali ko takwararta tana lafiya. Ita da aka haifa a Mfuwe, dab da gadar shiga gandun, ba ta taɓa sa ƙafa ciki ba. Saninta da namun daji bai wuce giwayen da ke zuwa su cinye mata mangwaro ba. Abin yana damun Limbani ƙwarai, ko da yake a gabanta dariya yake mayar da shi.

Al'adar jagororin kwarin Luangwa ba ta da wuyar faɗa, cika ta ne aiki. Kowace damisa tana da tsarin ɗigo a saman gashin bakinta, na dama daban, na hagu daban, kuma da shi ake bambanta su. In baƙuwa ta bayyana, jagoran da ya fara ɗaukar hoton kumatunta duka biyu da hannunsa, tar yadda za a iya ƙirga ɗigon, shi ke da ikon raɗa suna. Zai ɗauki oba-oba, rediyon da jagorori ke magana da juna, ya faɗa kowa ya ji, kuma sunan da ya shiga oba-oba ya zauna ke nan, babu mai janye shi. Shi ya sa har yau akwai wata tsohuwar damisa da ake kira Biredi, don wanda ya ɗauke ta bai karya kumallo ba ran nan.

Yotamu Mbewe, abokin Limbani tun suna firamare kuma ƙayar da ke ƙafarsa, ya raɗa wa damisa suna har ya gaji. Ya sa na uwarsa, ya sa na 'yarsa, ya sa na mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon da yake so. Limbani kuwa kullum saura ƙiris. Ko reshe ya tare shi, ko batir ya mutu, ko baƙonsa ya ce fitsari ya matse shi a daidai lokacin.

A ranin bana, da kogi ya janye ya bar yashi, wata baƙuwar damisa ta tsallako daga ɗaya gaɓar. Siririya ce, mai ƙaramin kai, ga kunya kamar amarya. Yotamu ne ya fara ganinta, ya ce budurwa ce sabuwa fil, kowa kuma ya hau kan maganarsa ya zauna. Mafi muni, har ya samu kuncinta na hagu, yana yawo da shi a waya yana nuna wa masu wankin mota. Saura na dama kawai.

Da asubar da Limbani zai fita, Zelipa ta miƙa masa dafaffen rogo a ƙunshe, ta gyara masa wuyar riga.

"Baban Dalitso," ta ce, "in damisar ta gagara, ko gadu ka samu ka sa masa. Shekaru sun ja, ba na zaɓe."

Ya yi dariya, amma maganar ta bi shi har masaukin baƙi.

Baƙuwarsa ta wannan mako mutum ɗaya ce, Mama Kasonde, likitar haƙori daga Ndola da ta ajiye aiki ta sayi kyamara mai bututu kamar taɓarya. 'Yar ƙabilar Bemba ce, shi kuwa mutumin gabashin ƙasar, saboda haka abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Tun ranar farko ta sa masa maci ɓera, shi kuma yana ce mata Mama maciya biri, ana tafiya lafiya. Matsalarta ɗaya ce, hannunta ba ya jin maganar idonta. Sai dabba ta tsaya, ta kalle ta, ta yi hamma, ta gaji ta juya, sannan za ka ji ƙyas. Ta tara hoton wutsiyar zaki, da bayan giwa, da ƙugun jakin dawa, fuska kuwa ko ɗaya. Kuma laifin duk na maci ɓera ne, wai bai iya tsayar da mota ba.

Suna tsallake gada ya ba ta labarin alkawarin, don ba ya son ta ga yana gaggawa ta ɗauka raini ne. Ta yi dariya har ta sauke kyamara, ta ce mazan gabas ke nan, sadakin damisa a baki, ɓera a tukunya. Amma sai ta gyara zama, ta ɗaure hularta, ta ce yau ko zaki ya zo yana rawa ba ta so, a nemo mata budurwar nan.

Zakin kuwa kamar ya ji. Suna shan kwanar wani tafki sai ga shi kwance a tsakiyar hanya, ciki ya yi tim, matansa suna warwatse a inuwar gawo. Hasken safiya ya sauka a kan gezarsa, irin hasken da masu hoto ke mafarki. Limbani bai san lokacin da hannunsa ya juya sitiyari ya sa rana a bayansu ya kashe mota ba, don aikin ya riga ya shiga jini. Zaki ya ɗaga kai ya zuba musu ido. Mama Kasonde tana ta murɗa bututu tana cewa tsaya, tsaya. Ya tashi ya yi miƙa, ya juya, ƙyas. Ta duba, ta ja tsaki, ta ce su tafi.

Bai bi manyan hanyoyi ba. Ya san Yotamu zai koma wurin da ya ganta ran nan, shi kuwa ya yi lissafin damisa mai kunya ba ta zama inda aka ganta. Ya gangara kurmin kanya da ke bayan wani busasshen rafi, ya kashe inji, ya ɗaga yatsa. Suka yi tsit. Kurciya tana kuka, dorina tana gurnani can nesa a kogi. Mama Kasonde ta buɗe baki za ta yi magana, ya girgiza mata kai.

Sai wani gwaggon biri ya yi haushi, irin haushin nan mai fitowa daga ciki. Wani ya amsa. Barewa ta yi huci, zabi suka kaure da kuka gaba ɗaya. Limbani ya ɗaga kai. Ya kalli inda birran suka zuba ido daga kan bishiya, dukansu wuri ɗaya suke kallo.

"Danginki sun yi mana aiki, Mama," ya raɗa mata. "Riƙe da kyau."

Motar ta shiga cikin rafin tana tangaɗi a kan sawun giwayen da ya bushe ya zama ramuka. Rogo ya faɗi, hular Mama Kasonde ta koma ƙeya, babu wanda ya kula. Suka haura, suka kewaye wani suri, sai ya taka birki a hankali. Wutsiya ya fara gani, tana lilo daga reshen wata babbar kanya. Ya bi ta da ido har sama, ga ta nan kwance a kan reshe, ƙafafu a sake, ga ɗan barewar da ta kama a rataye a cikin gwafar bishiya.

A nan wata doka ta tsaya masa a wuya. Ba a ɓoye damisa. Wanda ya gani dole ya sanar, don gobe shi ma zai nemi a sanar da shi, kuma jagoran da aka kama da ɓoyo sai ya shekara yana yawo babu mai kiransa. Ya kalli oba-oba kamar maciji ne, ya ɗauka, ya faɗi wurin a gajarce. Bai ajiye ba sai ga muryar Yotamu tana dariya, wai ya gode ƙanena, a tsare masa ita yana tafe.

Limbani ya jawo tasa kyamarar daga ƙarƙashin kujera, ya ɗora a kan ƙofa. Ganye ya rufe fuskar. Ya tura motar gaba kaɗan, ya dawo baya kaɗan, har ya samu wata 'yar kafa tsakanin rassa. Damisa ta ɗaga kai tana lasar hannunta, kuncin dama ya fito fes a cikin haske. Ya danna. Ya duba, ɗigo uku a jere, kowanne tar. Mama Kasonde ta dafa kafaɗarsa tana girgiza shi.

Saura na hagu, kuma na hagun yana fuskantar ɗaya ɓangaren, inda babu hanya sai ƙaya da kututture. Abin haushi, Yotamu na dama yake nema, kuma duk wanda ya biyo sawun Limbani na daman zai tarar a shimfiɗe yana jiransa. Can nesa aka fara jin ƙugin inji.

Mama Kasonde ta ce ya yi wa damisar fito mana ta waiwayo, ko ita ta yi tari. Ya ce a'a. Jagoran da ya yi wa dabba fito ko ya bubbuga ƙofa don hoto ya zubar da mutuncinsa, ko ya samu sunan ba za a kira shi da daɗin baki ba. Ya ce mata in ya zagaya za ta rasa haskenta, rana za ta dawo musu a ido. Ta harare shi.

"Kai maci ɓera, ni da haske da babu haske duk wutsiya nake samu. Ja mota."

Ya ja. Ƙaya tana karce jikin mota, rassa suna marinsu, yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kyamara, idonsa rabi a ƙasa rabi a sama kada damisar ta tsorata ta sauka. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf da sanyin safiyar nan. Da ƙyar ya samu wurin tsayawa a bayan bishiyar, ya kashe mota, ya ɗaga kai. Damisa ta kwantar da kuncin hagun a kan reshe ta lumshe ido. Sai ka rantse da gangan ta yi.

Ƙugin motar Yotamu ya shigo rafin. Limbani yana jin sa yana canza giya, yana jin baƙinsa suna ihun ramuka. Ya sa ido a kyamara ya ƙi ƙiftawa, yana addu'a a zuci, har da yi wa Allah alkawarin komawa ƙungiyar mawaƙan coci da ya gudu ya bari.

Wata kura ce ta cece shi. Ƙanshin nama ya jawo ta, ta fito daga cikin ciyawa tana ɗingishi, ta tsaya a gindin kanyar ta ɗaga hanci. Damisa ta zabura ta miƙe zaune, ta leƙo ƙasa, ta yage baki. Kuncin hagu ya fito gaba ɗaya. Limbani ya danna ya ƙara dannawa, bai saki ba sai da ta mayar da kai. Ya duba. Ɗigo biyu, babu ganye, babu duhu.

A daidai lokacin hancin motar Yotamu ya ɓullo daga bayan suri. Limbani ya fizgi oba-oba har igiyar ta kusa tsinkewa.

"Jama'a, Chulu ne. Uku a dama, biyu a hagu, duka suna hannuna. Sunanta Zelipa. Na sake faɗa, Zelipa."

Oba-oba ya ɗauka da hayaniya. Wani yana taya murna, wani yana cewa ashe za a ga wannan rana, wani yana tambaya ko yanzu za a bar shi ya ci tuwonsa lafiya. Yotamu ya sauke kyamarar da bai ko kai ga saita ta ba, ya cire hula ya ɗaga masa daga nesa. Limbani ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun ranar da aka haifi Dalitso. Yana so ya yi ihu, babu dama, sai ya cusa hularsa a baki yana dariya hawaye na zuba.

Damisar ta gaji da kallo. Ta sauko ta bayan bishiya, ta yi tsalle ta wuce kurar, ta tsaya ta dube su sau ɗaya, sannan ta ɗaga wutsiya ta nufi ciyawa. A nan ne aka ji ƙyas daga wajen Mama Kasonde.

Motocin biyu suka tsaya shan shayi a gindin wata tsamiya a bakin kogi. Limbani yana zuba wa kowa, yana ba da labarin kurar tun daga farko, kuma kowane zagaye ƙayar tana ƙara tsawo. Mama Kasonde tana gefe tana mita, wai damisa guda a gabanta amma abin da ta samu bai wuce na kullum ba. Yotamu, da yake mutum ne mai son nuna ya iya, ya karɓi kyamarar don ya koya mata inda take kuskure. Ya duba hoton. Ya ƙara girmansa da yatsa. Sai ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali kamar mai gudun ɓari.

"Ƙanena," ya ce, "zo ka gaida matarka."

Hoto ne mai kyau, babu mai musu, mafi kyau da Mama Kasonde ta taɓa ɗauka. Wutsiya a sama, kowane gashi a fili. A ƙarƙashinta kuwa ga shaida nan guda biyu, ƙanana kamar 'ya'yan kanya, irin wadda ba a gardama da ita. Saurayi ne ɗan tashi wanda wuyansa bai cika ba tukuna. Jagorori nawa, masu shekaru a daji, duk sun yi makonni suna bin gashin baki, babu wanda ya tuna ya dubi ɗaya ƙarshen.

Yotamu ya faɗi a yashi yana riƙe ciki. Limbani ya ce ai Yotamu ne ya fara cewa budurwa ce, Yotamu ya ce shi dai bai ɗaura mata aure a oba-oba ba. Mama Kasonde ta ƙwace kyamararta tana taƙama, ta ce yau ta tabbata ba a banza take ɗaukar baya ba, da ma aikin likita duba inda mutane ba sa dubawa ne. Limbani ya roƙi Yotamu, ko za a ce Zelipo, ko a ƙara wani abu a gaba. Yotamu ya share hawaye ya tuna masa da Biredi. Suna ya shiga, ya zauna.

Murnar ta koma fargaba. Yana ajiye baƙuwarsa ya hau keke zuwa gida hutun rana, kuma tun daga kasuwa ya gane labari ya riga shi. Masu tumatir suna guɗa, mai facin taya ya tashi ya sara masa, wata tsohuwa ta tambaye shi ko Zelipa ya fara gemu. Ya yi shekaru yana jiran ranar da zai shiga gida da wannan albishir, ga shi ya mayar da matarsa abin dariyar gari.

Ya same ta a bakin murhu tana tuƙa nshima, ba ta ɗago ba. Ya jingine keke, ya tsaya yana murza hula, ya fara bayani a kan yadda saurayin damisa ke kama da mace. Ta miƙo hannu kawai. Ya ba ta kyamarar. Ta goge hannunta a zane, ta koma inuwa, ta daɗe tana kallon fuskar nan mai idanu kamar zuma. Sannan ta tambaya, in ya girma me zai zama.

Ya ce in ya rayu, wuyansa zai cika, zai kori tsohon namijin damisar da ke riƙe da wannan gaɓar, kogi daga kurmin kanya har gada ya zama nasa. Duk damisar da ta ji gurnaninsa sai ta kauce.

"Yotamu ma in ya gan shi, sunana zai kira?"

"Dole ne, Maman Dalitso. Kullum."

"Ya ce ga Zelipa nan tafe, kowa ya kashe mota ya yi shiru?"

"Haka ake yi."

Ta gyaɗa kai, bakinta yana motsi tana danne dariya, amma idonta ya cika da hawaye. Ta ce ita fa ta daɗe da fid da rai, tambayar da take yi kullum don kada ya manta da yarinyar da ya yi wa alkawarin ne. Ta ce a wanko mata na fuskar babba, za ta rataye a falo inda matan coci za su gani. Na wutsiyar kuma a kai wa Yotamu ya ƙara ilimi.

Nshima ya fara kamawa, ta koma da sauri ta ɗauki muciya. Tana tuƙi, ba tare da ta waiwayo ba, ta tambaye shi yaushe ne hutunsa. Ya ce ranar Litinin.

"To ka nemi aron mota," ta ce. "Za ka tsallaka da ni gadar nan in je in gaida takwarana."